Shinkafar Hausa a Bakin Tekun Birazil

Duk wanda ya taɓa ratsa Jamestown a nan Ankara ya san layin da ake kira Brazil Lane, ya kuma san gidan nan Brazil House da ke kallon tsohuwar tashar jiragen ruwa. Gidan na mutanen Tabom ne, jikokin 'yantattun bayin da suka dawo daga Birazil a wajajen 1836, sarakunan Ga na unguwar Otublohum suka ba su masauki. An ce sunan nasu ya fito ne daga kalmar "tá bom" ta harshen Fotugal, wato "lafiya lau", don da ita suke amsa kowace gaisuwa. Na yi shekaru ina wuce gidan nan ban taɓa tambayar kaina daga wane gari suka taso ba, sai da Allah Ya kai ni Salvador ta jihar Bahiya, inda na yi mako guda. Abin da na tarar a can shi ya sa na ɗauki alƙalami, domin akwai namu a cikin labarin.

Salvador tana bakin teku a arewa maso gabashin Birazil. Turawan Fotugal suka kafa ta a 1549, ita ce kuma hedkwatar ƙasar har 1763 da aka mayar da mulki Rio de Janeiro. Ƙidayar 2022 ta ba ta mutum wajen miliyan 2.4, mafi yawansu baƙaƙe ne ko ruwa biyu. Garin hawa biyu ne, na tudu da na gangare, an haɗa su da wani lif mai tsawon mita 72 da ake kira Elevador Lacerda, wanda ya fara aiki tun 1873. Baƙon da ya zo, hanyarsa sananniya ce: a kai shi tsohuwar unguwar Pelourinho mai gidaje masu launi, wadda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1985, ya sauka a lif ya sayi tsaraba a Mercado Modelo, ya ɗaura ƙyalle a ƙofar cocin Bonfim, ya yi wanka a Porto da Barra, ya koma gida. Duk wuraren nan suna da kyau. Amma Bahaushen da ya biya kuɗin jirgi ya tsaya a nan kawai, ya yi asara, domin lungunan da suka shafe shi suna kusa, ba a dai rubuta su a allon masu yawon buɗe ido ba.

Yadda Hausawa suka je can

Birazil ta karɓi bayi fiye da miliyan huɗu daga Afirka, fiye da kowace ƙasa a duniya, kuma ba ta soke bauta ba sai ranar 13 ga Mayu, 1888. 'Yan kasuwar Bahiya suna kawo taba, suna musayarta da mutane a tasoshin Wida, Porto-Novo, Badagiri da Ikko. Bayan da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya tashi a 1804, yaƙi ya game ƙasar Hausa, aka kama mutane daga ɓangarorin biyu, wasunsu aka gangara da su ta ƙasar Yarbawa har bakin teku. Wannan gaskiya ce mai ɗaci: kafin Bature ya sa musu sarƙa, hannun na gida ya fara kama su. Cikin 'yan shekaru sai takardun gwamnatin Bahiya suka cika da wata sabuwar kalma, "Haussá" ko "Ussá", kuma kusan duk inda ta fito, tana tare da tsoro. A watan Mayu na 1807 aka tona wani shirin tawaye na bayi Hausawa a cikin birnin kafin su tashi. A Janairun 1809 wasu suka gudu suka far wa garin Nazaré da ke yankin gonaki. A 1814 aka sake yi a Itapuã. Sai babban tashin 1835, wanda ake kira tawayen Malê.

A nan ya kamata a faɗi gaskiya, kada mu ci haƙƙin maƙwabta. Tashin 1835 mafi yawan masu yin sa Yarbawa Musulmi ne, waɗanda a can ake kira Nagô, kuma kalmar Malê kanta daga "imale" ta Yarbanci ta fito, wato Musulmi. Hausawa sun shiga, Nufawa da Barebari ma sun shiga, amma shekarun da Hausawa suka ja gaba su ne na 1807 zuwa 1814. Masanin tarihi ɗan garin, João José Reis, shi ya bi takardun shari'ar ɗaya bayan ɗaya ya fito da littafi a kansu a 1986.

Gangaren da aka fara

Safiyar farko na je dandalin Praça Municipal, inda lif ɗin nan yake sauke mutane a garin tudu. Kowa ya fito yana juyawa wajen teku ya ɗauki hoto. Mai karatu, in ka je, ka juya baya ga tekun. Za ka ga tsohon ginin majalisar gari mai hasumiya, Câmara Municipal. A ƙarƙashinsa kurkuku yake a da, kuma a nan aka tsare wani dattijon malami Bayarabe, Pacífico Licutan, wanda almajiransa ke kira Bilal. Ba laifi ya yi ba, an kama shi ne a matsayin dukiya saboda bashin da ake bin ubangijinsa. Daga gefen ginin wata hanya ta gangara, sunanta Ladeira da Praça. Yau shaguna ne da motocin haya, ba abin da zai tsayar da kai. To a wani gida na wannan gangare, gidan wani 'yantacce mai suna Manoel Calafate, mutum wajen 60 suka taru a daren 24 ga Janairu, 1835, cikin goman ƙarshe na watan azumi. Wata mata ta riga ta kai wa hukuma labari. Da 'yan sanda suka buga ƙofa bayan tsakar dare, sai mutanen suka fito da takubba, sanye da fararen riguna da layu, suka nufi kurkukun don su fitar da malaminsu. Ba su samu shiga ba.

Na bi gangaren da ƙafa har ƙasa na sake hawowa, bai kai rabin sa'a ba. Fararen rigunan nan ana kiransu "abadá". Kalmar tana nan da rai har yau, sai dai yanzu sunan rigar da ake saya ne don shiga ayarin rawa a bikin kanibal. Na tambayi wani saurayi mai sayar da ruwan kwakwa a bakin hanyar ko ya san asalinta, ya yi dariya ya girgiza kai.

Tafiyar 'yan mintoci daga nan akwai dandalin Terreiro de Jesus, inda tsohuwar makarantar likitanci take, wadda aka kafa a 1808. A cikinta akwai gidan tarihin Museu Afro-Brasileiro, wanda aka buɗe a 1982, mai manyan alluna 27 na katako da mai sassaƙa Carybé ya yi. A wannan makaranta wani likita, Nina Rodrigues, ya koyar. Ra'ayinsa a kan baƙar fata ra'ayin wariya ne irin na zamaninsa, amma shi ne ya zauna da tsofaffin 'yan Afirka na ƙarshe a garin kafin rasuwarsa a 1906, ya rubuta kalmomin Hausa, Barbarci da Nufanci daga bakinsu. A ƙasan Pelourinho kuma akwai Casa do Benin, ƙaramin gida da aka buɗe a 1988 don nuna zumuncin Bahiya da gaɓar Benin. Ba cunkoso, za ka iya zama ka huta a tsakar gidan.

Kasuwar da ta yi kama da gida

Masu tawayen 1835, waɗanda suka kai kimanin 600, sun ratsa garin cikin dare suna neman fita zuwa gonakin rake, inda suke sa ran wasu bayin za su haɗu da su. Hanya ɗaya ce, ta bakin ruwa, kuma ta bi ta gaban barikin sojan doki a wurin da ake kira Água de Meninos. A nan aka gama da su kafin gari ya waye. Fiye da 'yan Afirka 70 suka mutu, wasu a bakin takobi, wasu a ruwa suna ƙoƙarin tserewa. Yanzu wurin titi ne mai faɗi na manyan motoci.

Gaba kaɗan da shi sai kasuwar São Joaquim, wadda ta koma nan bayan gobarar da ta cinye tsohuwar kasuwar Água de Meninos a 1964. Jama'a, da na shiga kasuwar nan sai na ji kamar an sauke ni a kasuwar Nima ranar Laraba. Ga manja cikin kwalabe, ga kuɓewa, doya, rogo, busasshen jatan lande tsibi-tsibi, ga awaki da kaji da rai, ga tukwanen ƙasa da ake kawowa daga ƙauyen Maragogipinho. Can cikin wani lungu na ga goro, suna kiransa "obi", da namijin goro, "orobô", da wuri, da citta, da sabulun salo. Mabiya addinin gargajiya na Candomblé su ke sayen waɗannan don hidimominsu. Abin lura shi ne sunayen: citta "pimenta da costa", sabulu "sabão da costa", saƙaƙƙen zane "pano da costa". Costa na nufin gaɓa, kuma gaɓar da ake nufi ita ce tamu ta Afirka ta Yamma.

Na sayi goro biyu, na ɓare ɗaya a gaban mai kayan na kai baki. Dattijuwar ta tsaya tana kallona, ta kira maƙwabciyarta ta zo ta gani, don su ba su saba ganin mai cin sa haka kawai don marmari ba. Na miƙa mata ɓari, ta karɓa da hannu biyu. Ba mu da harshe ɗaya, amma mun rabu muna dariya. Wanda zai je, ya je da safe, ya sa takalmi rufaffe don akwai taɓo, ya kuma nemi izini kafin ya ɗauki hoton kowa.

Takardun da aka ciro daga wuyan matattu

Rana ta biyu na nufi unguwar Baixa de Quintas, inda ma'ajiyar tsofaffin takardun jihar take, Arquivo Público do Estado da Bahia, a wani tsohon gida da limaman Kirista 'yan ɗariƙar Jesuit suka gina, wanda daga baya ya zama asibitin kutare. Masu yawon shaƙatawa ba sa zuwa nan. A nan ake ajiye takardun shari'ar 1835, tare da rubuce-rubucen Larabci da 'yan sanda suka kwashe daga gidaje da jikin waɗanda aka kashe. Takardun sun tsufa, don haka mai son gani ya nemi izini tun kafin ya zo, ya kuma tafi da mai jin harshen Fotugal.

Abin da na gani a hotunan takardun bai buƙaci tafinta ba. Bisimilla ce, da gajerun surori, da addu'o'in tsari, a rubutu irin wanda malam ya koya mana a makarantar allo. Wani hannun na gwani ne, wani kuma na ɗan koyo, yana maimaita layi ɗaya har ƙasan takarda. Ka tuna cewa wannan ɗan koyon babban mutum ne, mai yiwuwa ɗan dako, wanda ya yini yana ɗaukar kaya ko kujerar da ake ɗaukar masu gari a ciki, sannan da dare ya zauna ya riƙe alƙalami. Hukuma ta ɗauka takardun wasiƙun yaƙi ne. Da suka rasa mai karantawa, sai suka kira wani bawa Bahaushe mai suna Albino ya fassara musu. Cikin malaman da aka tuhuma akwai wani Bahaushe 'yantacce, Elesbão do Carmo, wanda aka fi sani da Dandará, mai shagon taba, wanda yake karantar da mutane a shagon nasa.

Akwai wani abu kuma da ya kamata ɗalibanmu su sani. Ƙaramin jakadan Faransa a Bahiya, Francis de Castelnau, ya zauna da bayi Hausawa yana tambayarsu labarin ƙasarsu, ya buga amsoshinsu a 1851. Sun ba shi sunayen Kano, Katsina da Zazzau, da hanyoyin fatauci, da yadda aka kama su. Wato a lokacin da Turawa ke ta neman sanin abin da ke tsakiyar Afirka, masu sanin suna ɗaukar musu kaya a titunan Salvador.

Itapuã, inda malami ya ja gaba

Rana ta uku na fita arewacin gari zuwa Itapuã, kusa da filin jirgin sama. A da ƙauyen masunta ne, inda ake da sansanonin kamun kifi, har da manyan kifayen teku irin wanda ya haɗiye Annabi Yunusa, ana narka kitsensu a yi man fitila. Ranar 28 ga Fabrairu, 1814, bayi, akasarinsu Hausawa, suka tashi suka ƙone sansanonin, suka nufi yankin gonaki, sojoji suka tare su a bakin kogin Joanes. A takardun binciken an ambaci jagoransu da laƙabin "malomi". Ba sai an gaya wa Bahaushe kalmar da magatakardan Fotugal ya ji ya rubuta haka ba.

Yau Itapuã wurin hutu ne. Akwai hasumiyar fitilar jiragen ruwa mai ja da fari a kan duwatsu, akwai kwale-kwalen masunta a kan rairayi. Daga bakin teku in ka hau tudu kaɗan za ka iske tafkin Abaeté, ruwa baƙi ƙirin a tsakiyar farin rairayi fat. A nan kusa ƙungiyar makaɗan Malê Debalê take, wadda aka kafa a 1979 aka sa mata sunan masu tawayen. 'Ya'yanta ba Musulmi ba ne galibi, amma su ne suka riƙe sunan a bakin talakawa. Kada a je tafkin da yamma liƙis ko a kaɗaice, a je da rana tare da ɗan gari.

A Itapuã na ci ƙosan da ya fi kowane daɗi a tafiyar. Suna kiransa "acarajé", daga "akara" ta Yarbanci. Wake ne aka niƙa aka soya a manja, sai dai nasu ya kai girman dunƙulen hannu, ana tsaga shi a cusa jatan lande da wani kauri mai suna "vatapá" da yaji. Matan da ke sayarwa suna sa fararen kaya da ɗaurin kallabi. In ta tambaye ka "quente", ba zafin wuta take nufi ba, barkono take nufi. Ɗan zango ya ce mata ta zuba.

Shinkafar da ke ɗauke da sunanmu

A wani ƙaramin gidan abinci na ga an rubuta "arroz de hauçá" a takardar abinci. Ma'anarsa shinkafar Hausa. Farar shinkafa ce da aka dafa ta yi laushi har ta kama jikinta, kusan tuwon shinkafa, wasu suna sa mata madarar kwakwa. A kanta ake zuba busasshen naman shanu mai gishiri da aka yayyanka aka soya da albasa, sai miyar jatan lande da barkono da manja a gefe. Wani marubuci baƙar fata ɗan Bahiya, Manuel Querino, wanda ya rasu a 1923, ya bayyana yadda ake yin ta a littafinsa na girke-girken jihar. Ba kowane gidan abinci ke yin ta ba, sai an tambaya.

Na tambayi yarinyar da ta kawo mini ko ta san mene ne "hauçá". Ta ce sunan shinkafar ne. Na nuna ƙirjina na ce ni ne hauçá. Ta ɗauka wasa nake, sai da abokin tafiyata ya yi mata bayani, ta koma ta kira mai dafa abincin ya fito ya gaishe ni. Na ci shinkafar nan a hankali. Mutanen da suka girgiza gwamnoni, suka rubuta Alƙur'ani da ka a ƙasar da ba tasu ba, abin da ya rage na sunansu a bakin jama'ar gari shi ne kwanon shinkafa.

Dalilin bai ɓoyu ba. Yawancin Hausawan da aka kai maza ne kamammun yaƙi, mata kaɗan ne, don haka ba a yi gidajen da yaro zai tashi yana jin Hausa daga bakin uwa ba. Bayan 1835 kuma aka yi ta bulala da ɗauri, aka kori 'yantattu da yawa zuwa Afirka, takardar Larabci ta zama abin da zai kai mutum kurkuku. Wani limami ɗan Bagadaza, Abdurrahman al-Baghdadi, wanda ya sauka a Rio a 1866 ya kuma ziyarci Salvador, ya tarar da Musulmi suna salla a ɓoye, 'ya'yansu kuma suna bin addinin gari. Zuwa farkon ƙarni na 20 tsofaffin sun ƙare, harshen ya bi su.

Juma'a a Nazaré

Ranar Juma'a na sauka daga jirgin ƙasa na cikin gari a tashar Campo da Pólvora. A wannan fili aka kashe mutum huɗu daga cikin masu tawayen ranar 14 ga Mayu, 1835. Hukuncin rataya aka yanke musu, amma aka rasa wanda zai yarda ya yi aikin hauni, sai aka harbe su. Yanzu babban ginin kotu ne yake kallon filin. Daga nan da ƙafa na isa Centro Cultural Islâmico da Bahia a unguwar Nazaré, wani gida da aka mayar masallaci, inda wani malami ɗan Nijeriya ya yi shekaru yana jan salla. Jama'ar ba su da yawa: 'yan Afirka ta Yamma masu karatu ko kasuwanci, Larabawa kaɗan, da 'yan ƙasa da suka musulunta, wasunsu saboda labarin Malê da suka karanta.

Da muka tsaya sahu sai na lura alƙibla tana kallon gabas ne, ta ɗan karkata arewa. Da na dawo gida na ɗauki zare na shimfiɗa a kan ƙwallon taswirar duniya daga Salvador zuwa Makka. Zaren ya ƙetare teku ya hau tudu daidai Ankara, ya ratsa ƙasar Yarbawa, ya bi ta Bauci da Barno. Mai karatu ya gwada da kansa. Ashe duk bawan da ya tsaya salla a ɓoye a garin nan, yana fuskantar Ka'aba, yana kuma fuskantar gidan ubansa.

Inda za a huta da yamma

Kada a ce duk tafiyar ta makoki ce. Salvador tana kan wani babban mashigin teku, Baía de Todos os Santos, kuma garin yana kallon yamma ta wannan gefe, don haka rana tana faɗuwa a kan ruwa. Baƙi suna cika Farol da Barra don kallon wannan, amma 'yan gari suna zuwa Ponta de Humaitá, kusa da ganuwar Monte Serrat, inda za ka zauna a kan katanga ba hayaniya. Gaba kaɗan akwai unguwar Ribeira, da shagon askirim da ke aiki tun 1931, mai ɗanɗanon 'ya'yan itatuwan da ba mu da su, irin su "cajá", "umbu" da "mangaba". A kudu da tashar jiragen ruwa kuma akwai Solar do Unhão, tsohon gidan attajirai a bakin ruwa da aka mayar gidan zane-zanen zamani, kusa da unguwar masunta ta Gamboa, inda mata ke dafa "moqueca", miyar kifi da manja da madarar kwakwa a tukunyar ƙasa. Mai son hawa ruwa ya je bayan Mercado Modelo ya shiga ƙaramin jirgin fito zuwa Mar Grande a tsibirin Itaparica, tafiyar ƙasa da sa'a guda, amma ya tambayi lokacin dawowa don janyewar ruwa tana tsayar da jiragen. Mai son hotuna kuma ya nemi gidauniyar Pierre Verger, Bafaranshen da ya zauna a garin daga 1946 har rasuwarsa a 1996, yana kai da kawowa tsakanin Bahiya, Benin da Nijeriya da kyamararsa.

'Yan shawarwari

Ana zuwa ta Lisbon ko ta São Paulo, kuma agogonsu yana bayan namu na Gana da sa'a uku. Ruwan sama ya fi yawa daga Afrilu zuwa Yuni. Masu jin Ingilishi kaɗan ne, don haka a haddace 'yan kalmomi, musamman "sem porco", wato ban da alade. A kiyayi "feijoada", da duk abin da aka rubuta "linguiça", "calabresa" ko "toucinho", kuma a tambaya ko da wake ne kawai, don sukan jefa alade a ciki. Kifi shi ne mafita. A bar agogo mai tsada a masauki, kada a riƙe waya a hannu a kan titi, in dare ya yi a shiga mota. Wuraren ibadar Candomblé ba wurin kallo ba ne, wanda aka gayyata ya shiga da ladabi yadda muke son baƙo ya shiga masallacinmu.

Da na dawo Ankara na koma Jamestown na tsaya gaban Brazil House, na tuna cewa shugaban Birazil Lula da Silva ya gana da zuriyar Tabom a ziyararsa ta 2005, kuma zakaran dambenmu Azumah Nelson daga cikinsu ya fito. Su sun dawo, amma dubbai ba su dawo ba, ba kuma wanda ya san kabarinsu. Mu ma a zango baƙi ne da kakanninmu suka zo da goro da shanu, sai dai mu da ƙafarmu muka zo, da iyayenmu mata, da makarantunmu, ba mai hana mu magana ko rubutu. Duk da haka yara nawa ne a Nima, Sabon Zango ko zangon Kumasi za su iya karanta wannan shafi, ko su faɗi garin da kakan kakansu ya fito? Wanda yake da tsoho a gida ya zauna da shi a wannan wata, ya ɗauki takarda ya rubuta sunaye da garuruwa. Allah Ya jiƙan waɗanda suka kwanta a Bahiya, Ya sa mu dace. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.